Koren shayin Baba

Na sauka daga kabu-kabu a Kajiji na tarar da Baba a ƙarƙashin dogon yaro, dattawa sun kewaye shi, butar ataya tana tafasa a kan gawayi.

Koren shayin da na aiko masa daga Bodinga ne suke sha. Garkuwar jikinsa ce ke yaƙar gaɓoɓinsa, har gonar albasa ta gagare shi. Na ji cewa wani sinadari a ganyen yana lafar da kumburin ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, ko da yake likita ta ce ba a tabbatar ba a jikin mutum, kada ya bar maganinsa.

Bayan baƙi sun tashi na ce, "Baba, naka ne kai kaɗai, kuma ba sukari."

Ya miƙo mini kofi da kumburarrun yatsunsa. "Ɗiyata, ƙwayoyin asibiti nika sha don ciwo. Wanga kau, shi ka kawo min mutane. Tun da na kwanta ƙofar ga ta yi shiru."

Na karɓa na sha. Ku da kuke jinyar iyaye, yaushe rabon da a zo musu hira?