Mai Guduma da Baƙon Dutse

A sashen nazarin duwatsu na jami'ar, da wuya a sami wanda ya san sunansa na yanka. Mai Guduma kowa yake kiransa, tun daga shugaban sashe har mai gadin ƙofa, saboda wata 'yar guduma mai tsinin ƙeya da ba ya rabuwa da ita. An sake mata ƙota ba sau ɗaya ba, amma kan ƙarfen shi ne wanda ya saya tun yana ɗalibi. Matarsa, wadda ta yi aikin jinya har ta ajiye, takan ce ranar da ya je neman aurenta ma, kallon da ya yi wa dutsen ƙofar gidansu ya fi wanda ya yi mata.

Tun kansa bai yi furfura ba yake riƙe da mujallar ƙungiyar masana duwatsu ta yankin. Ƙaramar mujalla ce, kuma abin da ta sa a gaba bai wuce ƙasar da mutane suke takawa ba: inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, yumɓun da ya dace da bulo, zaizayar da take cin gonaki, da dalilin da ya sa katangar wata unguwa take tsagewa ta wata ba ta yi.

Yana da wata ƙa'ida da ba a rubuta a ko'ina ba. Ba ya amincewa a buga maƙala sai ya je wurin da marubucin ya ce ya yi bincike, ya ga dutsen da idonsa, ya ɓallo ɗan guntu da gudumarsa. Guntayen suna jere a kan katakon ofishinsa, kowanne da lambar maƙalarsa da farin fenti, har katakon ya lanƙwashe a tsakiya. Idan aka yi masa ƙorafin jinkiri, sai ya ce, “Takarda ba ta gardama, duk abin da ka ɗora mata za ta ɗauka. Dutse ne ba ya karɓar magana.”

Wannan ƙa'ida ita ce mutuncin mujallar, ita ce kuma dabaibayinta, domin ba ta iya wuce inda tsohuwar motarsa take iya kaiwa. A duniyar masana kuwa, ba a auna mujalla da rijiyoyin da aka haƙa da taimakonta. Ana auna ta ne da yawan masu binciken da suka kafa hujja da maƙalolinta a cikin nasu rubutun. Wa zai zauna a wata nahiya ya kafa hujja da tsagewar katangar wata unguwa? Duk shekara idan aka fitar da matsayin mujallu, sai an gangara can ƙasa kafin a ga tasu.

Wata safiya Farfesa, shugaban ƙungiyar, ya shigo ofishin. Bai zauna ba, don ko kujerar baƙi duwatsu ne a kanta.

“Mai Guduma, ni da kai ba ma ɓoye wa juna,” in ji shi. “Yaranmu sun daina kawo mana aikinsu mai kyau, don bugawa a nan ba ta ƙara musu girma. Majalisar ƙungiya za ta zauna a ƙarshen wata. Ko dai mu nuna musu abin da zai ɗaga mu, ko su karɓe mujallar su ba wasu, a buɗe ta ga ko'ina, a daina wannan yawon naka.”

“Yawo ne?”

“Kada ka kama ni da kalma. Allah ya riga ya kawo mana mafita, tana kan teburinka. Sa hannu kawai.”

Mai Guduma ya san abin da ake nufi. Maƙala ce da ta ce an gano dutse mai ɗauke da litiyam, ma'adinin da ake yin batirin waya da na mota da shi, a bakin wani rafi a cikin yankin. Duniya duka neman wannan ma'adini take yi, saboda haka maƙala ɗaya irin wannan za ta iya jawo ambaton da mujallar ba ta taɓa samu ba. Masu duba aiki biyu na waje sun karanta, sun yaba. Marubucin kuwa Dokta ne, tsohon ɗalibinsa wanda ya fi so, kuma mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe.

“Zan je in gani,” in ji shi.

“Surukin naka ma?”

“Dutsen bai san surukina ba ne.”

Da yamma Auta ta zo gida da ɗanta a baya. Ta gaishe shi, ta yi ta zagaye-zagaye, sannan ta fito da abin da ya kawo ta.

“Baba, shi ma sai ka bi sawunsa? Kai fa ka koyar da shi. Da wannan takardar yake sa ran ƙarin girma, ko barcin kirki ba ya yi.”

“In na ɗauke masa, me zan ce wa waɗanda na sa suka jira?”

Ta juya ga uwarta. “Mama, ki sa baki mana.”

“Ni? Bakina ya gaji tun kafin a haife ki. Abin da na sani, da wannan yanar da ke idonsa ba zai tuƙa mota ba. In ya nace, ni zan kai shi, kada ya je ya gaisa da bishiya.”

Haka aka yi. Suka bar kwalta suka bi wata tsohuwar hanya da aka daina bi tun da aka yi sabuwa, ita tana tuƙi tana mita, shi yana rungume da taswira. A ransa addu'a yake yi. Bai taɓa zuwa duba aikin wani yana roƙon Allah ya sa ya tarar da abin daidai kamar wannan rana ba, kuma hakan ya ba shi tsoro, domin ya san idon da yake so ba ya gani da kyau.

Dokta da damina ya yi aikinsa, lokacin da rafin yake cike, ciyawa ta kai ƙugu. Yanzu ruwa ya janye. Ga duwatsun nan manya-manya a bakin gaɓa, farare masu ɗigon ruwan hoda, sun nutse a ƙasa har rabi. Mai Guduma ya ɓallo guntu, ya kanga shi a madubin ƙara girma, ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Ma'adinin yana nan, babu shakka.

“To, alhamdu lillahi,” in ji matarsa. “Mu tafi kafin rana ta gasa mu.”

Ya kusa juyawa. Amma hannunsa ya saba da abin da ya saba. Ya gangara cikin rafin, ya durƙusa, ya soma tonon gindin dutse mafi girma da tsinin guduma. Abu na farko da yake koya wa ɗalibi shi ne bambanta dutse ɗan gida, wanda jikinsa yake haɗe da uwar dutse a ƙarƙashi, da baƙo, wanda wani abu ya ɗauko ya ajiye. Ya yi ta tono. Ƙasa ta zube, tsinin ya shige ƙarƙashin dutsen bai gamu da komai ba sai jar ƙasa.

Ya koma kan na biyu. A gefen da ruwa yake rufewa da damina, yatsunsa suka faɗa cikin wani dogon kwari.

“Zo ki taɓa nan,” ya ce. “Idona ba abin dogara ba ne. Faɗa mini abin da kika ji.”

Ta tattare zani ta sauko tana cewa tsufa bai hana shi wahalar da mutane ba. Ta sa hannu, ta bi kwarin daga sama har ƙasa.

“Santsi gare shi, miƙaƙƙe sak, kamar an raba bututu biyu. Mene ne?”

“Ramin nakiya ne. Inji ne ya huda shi.” Ya zauna a kan yashi. “Masu aikin tsohuwar hanya ne suka fasa su a wani wuri, tifa ta kawo su, aka zuba don kada ruwa ya ci gada. Gadar ta tafi, su suka zauna.”

Ta daɗe tana kallonsa. Duk barkwancin ya bar fuskarta.

“Malam, ban da ni da kai, wa ya gani?”

“Babu.”

“To.” Ta kakkaɓe hannunta. “Ba cewa na yi ka yi shiru ba. Tambaya na yi, don in san nauyin da za mu ɗauka zuwa gida.”

Washegari ya kira Dokta ofis, ya rufe ƙofa, ya nuna masa hoton ramin a wayar matarsa. Dokta ya kalla har fuskar wayar ta mutu, ya sake kunnawa.

“Baba, amma sakamakon ɗakin gwaji…”

“Ɗakin gwaji bai yi ƙarya ba. Ka tambaye shi abin da ke cikin dutsen, ya faɗa maka. Ba ka tambayi dutsen daga ina ya zo ba. Ba ha'inci ka yi ba, ruwa ne ya rufe maka. Ni ma da damina na je, da wataƙila haka zan gani.”

“To a bari taron ya wuce. A sanar da maƙalar, mujalla ta tsira, daga baya in aiko da gyara. Wa zai cutu?”

“Mai gonar bakin rafin. Ranar da ta fito, kafin gyaranka ya iso, masu haƙa sun mai da gonarsa ramuka. Kuma duk wanda ya kafa hujja da kai, a kan iska ya yi gini.”

“Za su karɓe mujallar fa, Baba.”

“Na sani.”

Dokta ya tashi ya fita, ko sallama bai yi ba, abin da bai taɓa yi ba. Daga ranar Auta ta daina ɗaukar waya. Matarsa takan ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar da shi yadda ta bar shi, ta ɗauke ba tare da ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi mitarta ciwo.

Ranar taro ɗakin ya cika. Fanka ɗaya ce take aiki. Aka haska matsayin mujallu a bango, kowa ya ga inda tasu take. Sannan Farfesa ya yi murmushi ya ce edita yana da albishir.

Mai Guduma ya miƙe. Ya hango Dokta can baya, kansa a sunkuye.

“Maƙalar da kuke jira ba za ta fito ba,” ya ce.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Farfesa ya cire tabarau.

“Saboda me? Masu dubawa biyu sun amince!”

“Sun karanta takarda. Ni na je wurin.”

“Me ka gani?”

Mai Guduma ya sake hango Dokta. Idan ya faɗa, ya tsira da hujjarsa, amma ya tozarta yaron a gaban waɗanda za su yanke hukuncin ƙarin girmansa. Idan ya yi shiru, sai a ce tsufa ne da taurin kai.

“Wannan tsakanina ne da marubuci,” ya ce.

Wani daga gefe ya ce, “Ko rikicin gida ne aka kawo mana nan?” Aka yi 'yar dariya mara daɗi.

Sai kujera ta yi ƙara a baya.

“Ni na janye ta,” in ji Dokta. “Duwatsun ba 'yan wurin ba ne, kawo su aka yi. Ban tona gindinsu ba. Shi ya tona.”

Farfesa ya mai da tabarau, ya gode wa Dokta, ya gode wa edita bisa doguwar hidima, da irin muryar da ake yi wa mutum ban kwana. Gaskiyar ba ta canza lambar da ke jikin bango ba. Aka ɗaga hannu, masu son sauyi suka yi rinjaye, aka miƙa mujallar ga sabon kwamiti.

Duwatsun ofishinsa kuwa babu wanda ya nema. Ya kwashe su a kwalaye, matarsa tana tsaye tana cewa motar za ta zauna a ƙasa, kuma kada ya kuskura ya kai mata ko ɗaya ɗakin girki. Ya jera su a baranda. Da safe yakan fito ya zauna a gabansu da kofin shayi, gudumar tana rataye a ƙusa, ba shi da inda za shi.

Ranar wata Asabar ya ji tsayawar mota. Auta ce ta fara shigowa, ta durƙusa ta gaishe shi ba ta ɗago ido ba, ta ajiye masa jikansa a cinya, ta wuce wurin uwarta. Dokta ya tsaya daga bakin baranda da takalmin daji a ƙafarsa.

“Baba, ina kwana.”

“Lafiya lau.”

“Na yi ta tunani. Tifa ba ta ɗauko dutse daga nesa, mai yana da tsada. Inda aka fasa su ba zai wuce yankin nan ba. Akwai tsofaffin wuraren fasa dutse da ba sa cikin taswira, kuma an ce ka san su.”

Mai Guduma ya shafa kan yaron.

“In ka samo uwar dutsen, a ina za ka buga? Sabon kwamiti ba ya zuwa duba dutse.”

“Shi ya sa na zo a duba tun yanzu.”

Daga ciki matarsa ta ɗaga murya: “Kai Dokta, in za ku tafi, kai za ka tuƙa! Ni na yi ritaya sau biyu.”

Mai Guduma ya miƙa wa surukinsa yaron, ya dafa gwiwa ya tashi, ya zaro gudumar daga ƙusa.