Hoton da Ke Kallon Bango

Gidan da muka kama haya a Danau Kota, can ƙasar Malayu inda maigidana ke karatu, da kayansa muka same shi, har da wani baƙin hoto a falo. Ranar da muka tare maigidana ya juya fuskar hoton bango, ya ce mala'iku ba sa shiga gida mai hoto. Ban musa ba. Cikina ya tsufa a lokacin, ta ƙafafuna da suka kumbura nake yi.

Yaron ya zo, bai daɗe da suna ba ya koma. Maza suka kai shi maƙabarta, ni aka bar ni a falo, matan abokan karatunsa suna ta ba ni haƙuri. Ɗan fari ne, ko sau ɗaya ban kira sunansa ba saboda kunya. Har yau ina jin haushin wannan kunyar.

Bayan arba'in kowa ya kama gabansa. Maigida ya koma karatunsa a makarantar da ke titin Jalan Semarak, ni kuma wata rana ina goge-goge na juyo hoton.

Ba da fenti aka yi shi ba. Katako aka sassaƙa, aka shafe shi da baƙin tawada, aka danna a takarda, har jijiyoyin itacen sun fito. Na gane aikin, don kakata zanen ƙwarya take yi: duk inda ka ga fari, wuƙa ce ta ci wurin. Mace ce a kwance, ta dunƙule gwiwa a ƙirji. A bayanta wani abu ya tsuguna, ba fuska, sai ido guda fari fat. Maƙwabciyata mai karatun zane ta ce wani Bature ne ya sassaƙa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, wai kurwar mamaci ce ke tsorata matar. Na ƙyale ta da bokonta. Ni ban ga tsoro ba. Matar ta san abin yana nan, kuma ba ta so ya tafi.

Kullum maigida ya fita sai in juyo shi, in mayar kafin la'asar.

Da karatu ya ƙare, tikiti ya fito, na ce, "Malam, ka kai ni in ga inda yake kafin mu tafi."

"Mata da maƙabarta? Addu'a daga ko'ina tana isa."

Na tashi na juyo hoton a gabansa. Ya daɗe yana kallon matar.

A hanyar filin jirgi ya sa mai tasi ya tsaya a maƙabartar. "Boleh, boleh," in ji direban, wato ba komai, zai jira. Na tsaya a bakin shinge. Kaburburan Malayu kowanne da duwatsunsa biyu, an naɗe kansu da farin ƙyalle, ga suna a jiki. Maigida kuwa irin na gida ya yi wa ɗanmu, reshe kawai ya kafa, a garin da ruwa ba ya hutawa. Ciyawa ta shafe komai.

Ya yi ta kai da kawowa a layin yara. Ya dawo wandonsa jiƙe har gwiwa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Wajen nan ne dai, tsakanin bishiyar can da katanga."

Na ɗaga hannu na yi wa wajen gaba ɗaya addu'a. Sannan na kira sunan ɗana a karon farko, da ƙarfi, don ban san inda zan sunkuya in faɗe shi a hankali ba.