Yatsun Kawu Vicko

Ina gyaran koma a bakin gaɓa Tonka ta zo da gari a hannunta, ta ce, "Jerko, mijina ya rasu." Kwana kaɗan ya rage jirgin ruwan makaranta ya taso daga birnin Split.

Vicko, mijin nata, abokina ne tun muna yara a tsibirinmu na Vis. Da ya manyanta ya samu aiki a jirgin nan mai tafiya da iska, wanda ke yawo da ɗalibai tsibiri-tsibiri, ana koya musu tarihi da halittun teku. Shi ke nuna musu ƙullin igiya, da hannun da babu yatsu uku.

Wata yarinya ce ta fara tambaya. "Kawu, a yaƙi ne?"

Ya yi shiru, yara suka ɗauka e ya ce. Labari ya bi jirgi shekara da shekaru. Malamar tarihi kan tsayar da shi a gaba idan an zo darasin yaƙi, a yi masa tafi, shi kuwa kansa a sunkuye.

Vicko bai taɓa riƙe bindiga ba. Nakiya ce ta kamun kifi ta fashe masa yana saurayi, a wani lungun teku bayan tsibiri. A lungun nan jirgin ke yada zango kowace bazara. Yara su nutsa su fito, malamin halittu ya ce, "Kun ga ƙasan nan fari fat, ko ciyawa babu? Aikin masu jefa nakiya ne." A wannan ranar Vicko ba ya cin abinci. Sai ya shige ciki ya kama goge tukwanen da ba aikinsa ba.

Mutum ne mai taushin zuciya. Yaron da jiri ya kama, shi ke riƙe masa goshi. Yana tsoron ranar da za su daina kiransa Kawu.

Ganinmu na ƙarshe yana kwance, na kai masa gasasshen kifi bai taɓa ba.

Ya ce, "Bana zan faɗa musu."

"Tsohon banza, haka ka ce bara."

Ya yi dariya har da tari. "To in ban kai ba, kai ka faɗa. A lungun, gaban malamin."

"In suka tsane ka fa?"

"Ka dai faɗa. Amma ka bari su ci abinci tukuna."