Baffa Uwaisu, Wanda Ya Ce A Ce Ba A San Shi Ba

Baffa, akwai maganar da ke cikina wadda ban faɗa wa kowa ba, ko Umma. Ina wurin lokacin da ka yi wa Baba wasiyya a zaure, safiyar da za ka tafi, kuma na ji ta duka. Kai zan fara faɗa wa, domin kai kaɗai ne ban taɓa jin nauyin yi wa magana ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Allah Ya karɓi ran baffana, Malam Uwaisu mai faci, ƙanen mahaifina, ranar Talata ta biyu a watan Rajab, bayan la'asar. Bai rasu a gida ba. Ya rasu a wani ƙauye can yamma, bayan an fita ƙasar Kano, a hannun mutanen da ba su san shi ba. Ba zan rubuta sunan garin ba. Ya bar matarsa, Inna Furera, da yara biyu, Jamil da Tahira. Ni ce Rufaida, 'yar yayansa.

Duk wanda ke bin hanyar Ɗambatta daga ƙauyenmu ya san rumfarka, Baffa, inda kake facin taya idan ka taso daga gona. Amma abin da aka fi saninka da shi shi ne tafiya. Kowace shekara, da zarar an kai dawa rumbu, sai ka rufe rumfa, ka ɗaure kaya a bayan babur, ka tafi kai kaɗai. Ba fatauci kake zuwa ba, ba neman aiki ba. Kallon ƙasa kawai. Inda rana ta faɗi maka, nan za ka kafa tamfol, ka rataya gidan sauro, ka dafa shayi, ka kwana. Abokanka suka sa maka suna Shamuwa. Na taɓa jin wani a majalisa yana cewa, "Mutane na zuwa cin rani su dawo da katifa, kai kuma ka dawo da labari. Labari ake shimfiɗawa a kwanta?" Ka ce masa, "Katifarka ta bara ta lotse. Labarina yana nan yadda na kawo shi."

Wata rana na tambaye ka abin da kake nema a can. Ka nuna mini gabas da yamma, ka ce, "Rufaida, dubi ƙasarmu. Daga nan har Kunci babu inda za ki aje ƙafa ba gonar wani ba ce. Ko tari kika yi, sai wani ya ce miki sannu ta bayan danga. Ni kuwa ina so in ga inda Allah Ya bar wa kansa." Na gane maganar, don ni ma hayaniya tana gajiyar da ni. Ina jin shi ya sa muka shaƙu.

Ɗaurin kaya aikina ne. Kai ka koya mini yanka tsohon tub ɗin taya ya zama igiyar roba. Tamfol a ƙasa, darduma da bargo a sama, jarkar mai a gefen dama, buta a inda hannu zai kai ba sai an sauka ba. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli a tsakiya don kada su jiƙe. Famfo da kayan faci kuwa da kanka kake sa su, ba ka yarda da kowa. Idan na gama sai ka girgiza babur ɗin da ƙarfi, in babu abin da ya motsa ka ce, "Ɗaurin Rufaida, ko Jos aka je ba ya kwancewa." Ka kuwa je Jos ɗin. Ka dawo kana ba mu labarin sanyin da ya sa ka kwana da takalmi a ƙafa, ka kawo wa Inna Furera acca a ƙulle, ta rasa yadda ake dafa ta. Ka ga tsuntsayen ruwa a wajen Nguru, ka ce da suka tashi sai da sama ta rufe. Ka nuna mini hoton dam ɗin Tiga a wayarka, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba.

Kana da ƙa'ida. Ba ka kwana kusa da gari sai ka je ka gaida mai unguwa ko liman. Kuma ba ka karɓar masauki, don ka ce baƙo nauyi ne ga wanda rumbunsa bai cika ba. A maimakon haka, kafin ka wuce, sai ka zauna a gindin bishiya ka yi wa yaran garin facin kekunansu kyauta.

A gida ma haka kake. Babur ɗinka ya kai mata masu naƙuda asibiti fiye da yadda zan iya tunawa, ba ka taɓa cewa a sa maka mai ba. Ranar da kunama ta harbe ni a wajen ɓarar gyaɗa, na ɓoye hannuna a cikin hijabi don ina jin kunyar yin kuka a gaban mutane. Kai ka lura. Ba ka tona ni ba. Ka ce, "Rufaida, zo ki raka ni," sai da muka fita waje ka ce in yi kukana, babu mai ji sai awaki. Idan baƙi suka ce yarinyar nan ba ta magana, sai ka ce, "Tarawa take yi. Ku bar ta."

Bana kowa ya hana ka tafiya. Kullum rediyo sai labarin masu garkuwa da mutane. Inna Furera ta yi fushi, Baba ya yi faɗa. Ka ce ba za ka yi nisa ba, akwai wasu duwatsu da wani direba ya ba ka labarinsu, ka gan su ka juyo. Da safe ina tsugune a zaure ina ɗaure jarka, kai da Baba kuna tsaye a bakin ƙofa. Ka rage murya ka ce, "Yaya, in aka kira ka da wayata, ka ji ba muryata ba ce, ka ce ba ka san ni ba."

Baba ya ce, "Wace irin magana ce wannan da sassafe?"

Ka ce, "In suka san ina da dangi, gonar nan za su sa ka sayar, kuma ita ce abincin yaranmu duka. In suka ga ba ni da kowa, mai faci ne kawai, za su gaji su sake ni. Ka yi mini alkawari."

Ka riƙe hannun Baba, ba ka saki ba sai da ya ce ya yi. Sannan ka girgiza babur, ka ce mini sai ka dawo, ka tayar.

Ranar Talatar nan Baba yana tsakar gida yana gyaran igiyar guga, ni ina tankaɗe. Wayarsa ta yi ƙara. Lasifika yake sa ta kullum saboda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Ya ga sunanka, har ya yi murmushi. Sai aka ji wata murya daban, da hayaniyar maza a bayanta. Aka ce, "Ka san mai wannan wayar?" Na ga igiyar ta faɗi daga hannun Baba. Ya ce, "Ban san shi ba." Aka ce, "An rubuta Yaya a kan lambarka." Ya rufe ido ya ce, "Na ce ban san shi ba." Aka kashe. Baba ya fita ba takalmi zuwa gidan mai unguwa. Daga nan muka yi ta kiran lambarka, ba a ɗauka.

Washegari aka kawo gawarka a mota. Wani dattijo daga garin ya biyo motar, shi ne na'ibin limaminsu, kuma shi ya ba da labari a ƙofar gida, gaban jama'a. Ya ce kwanaki kaɗan kafin zuwanka 'yan bindiga sun shigo musu a kan babura, sun kashe mutane, sun kore shanu. Sai ga matasan da ke gadin garin sun tarar da baƙo a bakin rafi, shi kaɗai, da babur da jarkar mai da tamfol, yana ɗaukar hoton duwatsu. Ka ce musu alwala za ka yi ka shiga gari ka gaida mai unguwa. Suka tambaye ka abin da ya kawo ka, ka ce kallon ƙasa. Suka ce wane ne zai ƙona mai a wannan zamani don kallo. Suka ce ɗan leƙen asiri ne. Dattijon ya ce kai da bakinka ka roƙe su su kira yayanka, zai shaide ka. Suka kira, amma ba su ba ka wayar ba. Ya ce, "Da yayan ya ce bai san shi ba, sai abin ya fi ƙarfinmu, mu tsofaffi." Sai daga baya aka ga katinka na zaɓe a ƙarƙashin kujerar babur.

Duk ido ya koma kan Baba. Ya ce, "Haka ne. Ni na faɗa."

Baffa, ban san abin da ka ji ba lokacin da muryar Baba ta fito daga wayar. Ina tunanin ka tuna alkawarin. Ina fata ka tuna.

Tun daga ranar gidanmu ya rabu biyu, ko da yake katanga ɗaya ce ta kewaye mu. Inna Furera tana takaba a ɗakinta. Duk kwanon da Umma ta aika da ni, haka nake dawowa da shi a rufe. Ta hana Jamil gaida Baba. Na ji tana faɗa wa 'yar'uwarta cewa dama Baba ya daɗe yana jin haushin yawonka, ranar ce ya samu dama. Ta ce da ta fita takaba za ta kwashe yaran zuwa gidansu a Minjibir, kuma ba za su sake taka gidan mutumin da ya yi musun ɗan'uwansa ba. A waje kuma wasu na raɗa cewa in har yayanka ya ƙi ka, to akwai abin da ya sani. Kai da ka kai matansu asibiti.

Baba ya daina zama a majalisa. Daga masallaci sai ɗaki. Tuwo kaɗan yake taɓawa. Wata rana na kai masa ruwa, na tsaya ban fita ba. Ya dube ni, ya gane. Ya ce, "Abin da kika ji a zaure, ki bar shi a zaure. Ba a ɗora wa mamaci kaya. Bakina ne ya faɗa, ni zan ɗauka." Na ce to. Ban taɓa ce wa Baba komai ba sai to.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Uwaisu. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara a gare shi. Ya so ganin ƙasarKa, Ka nuna masa wadda ta fi ta, inda babu tsoro kuma babu mai tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Waɗanda suka yi wannan aiki, Kai Ka san abin da ke zukatansu, mun bar su gare Ka. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa da ta sa mutum yake tsoron amsa sunan ɗan'uwansa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Furera, Allah Ya ba ki haƙuri Ya sanyaya zuciyarki. Ga Jamil da Tahira, Allah Ya raya ku, ku sani ubanku mutumin kirki ne. Ga Gwaggo Kulu, ƙanwarsa, da dukan dangi na nan da na Minjibir. Ga abokansa na bakin titi, da duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfarsa. Ga Baba kuma, wanda mutane da yawa suka wuce ba su yi masa gaisuwa ba, Allah Ya ba ka ladan haƙuri. Ka rasa ƙane.

Baffa, na yi ta auna maganar Baba. Ban ga laifin da za a ɗora maka ba. Gonar yara ka kare, shi kuma alkawari ya cika. In na yi shiru, Jamil zai girma yana ƙin Baba, yayan ubansa, a kan abin da ba haka yake ba, kuma babu sauran wanda ya ji sai ni. Don haka kafin kowa ya karanta wannan, Inna Furera za ta ji daga bakina. Gobe da safe zan kai mata koko kamar kullum. In ta ce in mayar, ba zan ɗauki kwanon ba. Zan zauna a bakin tabarmarta in faɗa mata tun daga farko. Daga nan zan je in durƙusa gaban Baba, in gaya masa na saɓa masa, ya yi mini abin da ya ga dama.

Allah Ya jiƙan ka, Baffa. Allah Ya sa ka huta.