Gwiwoyin Uelese da Tabarmar Gwaggo Sieni

Uelese ɗan baffana ne. Masu neman 'yan ƙwallon Amurka sun gan shi a filin makarantarmu a tsibirin Tutuila yana watsar da yara kamar busasshiyar kwakwa, suka tafi da shi. Aikinsa a can ɗaya ne: ya tsaya gaban mai jifan ƙwallo, duk ƙaton da ya taho ya bangaje shi. Na taɓa tambayarsa ƙwallo nawa ya ci. Ya ce, "Ƙanena, ko taɓa ta ban yi ba. Ni bango ne."

Ya dawo gida da mota, da sabon kwano na rufin coci, da gwiwoyin da likitoci suka cika da ƙarfe. Da na dawo daga karatu a Auckland, na tarar dangi sun tsayar da shi a naɗa shi matai, shugaban zuriyarmu. Babu kofin da ya taɓa so kamar sarautar nan.

Matsalar ita ce zama. A rumfar dattawa tanƙwashe ƙafa ake yi har a gama shan ava, jiƙon saiwa da ake sha a taro. Wanda ya gaza sai ya miƙe ƙafa ya lulluɓe da tabarma, domin nuna wa dattijo tafin ƙafa cin mutunci ne da zai iya rushe naɗi.

Gwaggo Sieni, yayar mahaifinsa, ta kawo masa tabarma.

"Haba Gwaggo, wannan ai ta tsofaffi ce! Ni da Amurka ta kasa kayarwa?"

"Kai, yaron nan, ni na wanke maka kashi. Karɓi."

Ya ƙi.

Ranar naɗi ya naɗe ƙafafunsa, muka ji ƙas-ƙas kamar tsohuwar ƙofa. Mai jawabi kuwa ya faro tun daga kakannin kakanni. Zufa ta jiƙe Uelese sharkaf. Ana cikin haka ƙafar hagu ta ɓalle kamar tarko, ta miƙe sak, tafinta yana kallon Tsoho Faumui, babban dattijon ƙauye, da ƙoƙon ava a bakinsa.

Sai ga tabarma ta keto tsakanin ginshiƙan rumfa daga waje, ta sauka daidai kan ƙafar.

Tsoho Faumui ya shanye avarsa a hankali, ya goge baki. "Ni dai tabarma na gani," in ji shi. "Amma Amurkawa sun yi kuskuren ɗauka. Sieni ce mai jifa a gidanku."

Aka naɗa shi.

Yanzu da yamma yana koya wa yaran ƙauye bangaza. Ranar taro kuwa za ka gan shi yana ɗingishi zuwa rumfa da tabarma a hammata. Har yau cewa yake ta Gwaggo ce, riƙe mata yake yi.