Gurbin Barba Duje

A tsibirinmu kowa ya san Barba Duje da abu biyu: gyaran koma da murya. Su biyar ne ke waƙa a bakin gaɓa, ba ganga ba molo, shi ne mai kaurin muryar da sauran ke hawa kai. Ga shi da tsiya, ko faston cocinmu bai tsira daga bakinsa ba.

Sai ciwon damuwa ya kama shi. Ba mutuwa aka yi masa ba, ba asara ba. Haka kawai ya daina waƙa, ya daina tsiya, ya kwanta yana kallon bango. Ya sha ƙwayoyi har ya gaji. Matarsa Mande ta ce ita shirun ne zai kashe ta. Abokan kuwa suka ƙi sa kowa a gurbinsa, suka ci gaba da waƙa kamar miya ba gishiri.

Likita a birnin Split ya ce a haɗa biyu: na'urar maganaɗisu da za ta riƙa ƙwanƙwasa masa kai don ta farkar da ƙwaƙwalwa, yana tashi kuma ya shiga wurin Dakta Tihana, mai magani da hira. Na'urar bai ƙi ba, shi mutum ne da ya yarda da inji. Hirar ce dai! Sai ya zauna ƙiƙam yana kallon takalmansa.

Ran nan Tihana ta ce, "Barba, yaya ƙarar na'urar take a kunnenka?"

"Ba ta iya kiɗa ba, 'yar nan. Gaggawa take kamar Roko."

"Wane ne Roko?"

Ai kuwa ta sosa masa inda ke ƙaiƙayi, don Roko ne mai siririyar murya a cikinsu, abokin faɗansa tun ƙuruciya. Daga Roko aka gangaro kan waƙa, daga waƙa aka iso kan nauyin da ke danne masa ƙirji. Sauƙi ya fara zuwa a hankali, amma waƙa shiru.

Wata la'asar shi da Mande suna saukowa daga jirgin ruwan da ya dawo da su daga Split, suka tarar da abokan suna waƙa. Roko na hango shi ya kumbura wuya yana ƙaƙalo kaurin murya, wai shi zai cike gurbin. Duje ya ja ya tsaya.

"Kai Roko, jaki ake yankawa?"

"To zo ka karɓi kayanka mana, tsohon banza!"

Duje ya yi gyaran murya, ya kama waƙar. Muryar ta fito a dushe, tana rawa, amma tasa ce. Mande ta ajiye kwandonta, ta zauna a kan tulin koma, ta yi kukan da ta daɗe tana ɓoye masa.