Dattijon da Ke Yi wa Ɗan Damfara Tarbiyya

A ɗakin jiran likitan haƙori akwai wani dattijo, tabarau a bakin hanci, kumatu guda a kumbure. Shi kaɗai ya zo. Yana riƙe da waya nesa da fuska, yana danna ta da yatsa ɗaya kamar mai kashe tururuwa.

Saƙon da ya shigo yake karantawa a fili: "Baba, ɗanka ne, wayata ta ɓace. Sayo katin sayayya a kanti, ka kankare bayansa, ka turo mini lambar yanzu."

Matar da ke gefensa ta zaro ido. "Baba, kar ka tura! Ɗan damfara ne."

"Na sani, 'yata. Ni duk 'ya'yana mata ne."

"To me kake rubuta masa?"

"Bai gaishe ni ba."

Sai da yaron mai turo saƙon ya gaishe shi, sannan dattijon ya shiga yi masa tambayoyi: ya ci abinci? Yaushe zai yi aure? Me ya hana shi zuwa da babarsa ta rasu? Yaron na amsawa nan take, da ladabin mai jiran kuɗi. Da alama wayar nan ba ta saba ƙara haka ba, don duk shigowar saƙo sai dattijon ya manta da haƙorinsa.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira shi. Ya ɗaga mata hannu.

"A fara shigar da baiwar Allahn nan. Na ce masa ina layi a kanti. In na yi shiru, wurin wani uban zai tafi."